Filin Tambaya da Amsa: Tashin Ƙungiyar Big Star, Watsewarta da Sake Haɗuwarta

A fitowar da ta gabata mun ambaci wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka mai suna Big Star a gurguje, a matsayin misalin mawaƙan da sunansu bai fito ba sai bayan sun watse. Wannan ambato ya jawo wasiƙu daga masu karatu na cikin garin Sakkwato, kuma mun zaɓo huɗu daga ciki. Uku sun shafi ita ƙungiyar, ta huɗun kuwa ta shafi wasu matasa na nan gida. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mazaunin Runjin Sambo: Malam, Allah ya ƙara basira. Su wane ne waɗannan mawaƙa, wane irin kiɗa suke yi, kuma me ya sa ka kira su mawaƙan yanki alhali a Amurka suke?

Amsa: Amin, ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. An kafa Big Star a shekarar 1971 a birnin Memfis na jihar Tenesi, a bakin kogin Misisifi, a kudancin Amurka. Samari huɗu ne: Alex Chilton da Chris Bell, waɗanda ke tsara waƙoƙi, su rera, su kuma kaɗa jita, Andy Hummel mai kaɗa jitar nan mai kaurin amo da ke riƙe ƙasan kiɗa, sai Jody Stephens mai buga ganguna. Sunan ƙungiyar sun ɗauko shi ne daga wani kantin sayar da kayan masarufi da ke kusa da sutudiyon Ardent, inda suke ɗaukar waƙoƙinsu. Mai sutudiyon, John Fry, ya sakar musu ƙofa har da dare, ya kuma koya wa Bell aikin na'urorin ɗaukar sauti, abin da ya sa faifansu na farko ya fito da tsabtar amo irin wadda ba a saba ji daga hannun 'yan shekara ashirin ba.

Chilton kaɗai ne a cikinsu duniya ta sani kafin nan. Yana da shekara 16 ya rera wa wata ƙungiya mai suna Box Tops waƙar "The Letter", wadda ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka a 1967. Sauran ukun ba a san su ba a wajen garinsu. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne tsagar da ta fara bayyana a bangon ƙungiyar.

Salon kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira pawa pop, lafazin da aka fara ji daga bakin Pete Townshend na ƙungiyar The Who ta Ingila a 1967. Waƙoƙi ne gajeru, yawanci minti uku ko kusa da haka, masu amshi mai saurin kama kunne, inda muryoyi biyu ko uku ke hawa kan juna cikin daidaito, jitar lantarki kuma tana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashinsu. Jigonsu bai cika wuce ƙuruciya da soyayya da kewa ba. Asalin salon yana komawa ga ƙungiyoyin Ingila na shekarun 1960, musamman Beatles, waɗanda Bell ya taso yana matuƙar ƙauna.

Dalilin kiran su mawaƙan yanki kuwa shi ne girman Amurka da yadda kasuwar waƙa take a lokacin. Manyan kamfanonin faifai suna Niyok da Los Anjalis, kuma ƙungiyar da ba ta sami kamfanin da zai kai faifanta kantunan dukkan jihohi ba, takan ƙare a garinta da garuruwan da ke kewaye. Big Star a Memfis ta tashi, a can ta yi aikinta, kuma a zamaninta na farko ba ta yi yawon wasa mai yawa ba. Ƙari a kan haka, Memfis gari ne da aka sani da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da kuma shahararren mawaƙi Elvis Presley, don haka samarin da ke kiɗa irin na Ingila a can baƙi ne ko a cikin gidansu.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon mai sayar da kaset a babbar kasuwar Sakkwato: Malam, ni dai a sanina waƙa mai daɗi ita ke sayar da kanta. Na ga yadda mutane ke zuwa neman kaset ɗin Narambaɗa da na Ɗan Anace ba tare da talla ba. In da waɗannan yara sun iya waƙa kamar yadda kake faɗa, ai da ba su watse ba. Ko ba haka ba?

Amsa: Baba, Allah ya ja kwana. Maganarka tana da gaskiya a ciki, amma tana da sharaɗi guda wanda sana'arka ce ta cika shi: mai neman kaset ɗin Narambaɗa yakan same shi a rumfarka. Da zai zo sau biyu, sau uku, ka ce masa babu, da kuɗinsa sun tafi wani wuri. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da Big Star, kuma a ganina shi ne babban dalilin faɗuwarsu, fiye da duk wani saɓani da ya shiga tsakaninsu.

Faifansu na farko, "#1 Record", ya fito a 1972, kuma mujallun kiɗa na Amurka sun yabe shi ƙwarai. Sai dai Ardent, wanda ban da sutudiyo shi ne kuma kamfanin da ya fitar da faifan, ƙaramin kamfani ne, ba shi da hanyar kai kaya kantuna, don haka ya dogara ga kamfanin Stax na nan Memfis. Stax gwani ne a fagensa, wato kiɗan baƙaƙen fata, ya san gidajen rediyon da ke sa irin wannan kiɗa, ya san kantunan da ke sayar da shi. Amma damƙa masa faifan samari masu jitar lantarki kamar a damƙa wa dillalin shanu na Kara bandir ɗin atamfa ne a ce ya sayar. Ba rashin gaskiya zai hana shi ba, masu sayen ne ba su bi ta wajensa. Mutane suka karanta yabo a mujalla, wasu suka ji waƙar a rediyo, suka je kanti suka tarar babu faifan.

A wannan shekarar kuma Stax ya ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin Columbia domin ya riƙa rarraba masa kaya a faɗin ƙasar. Yarjejeniyar ta lalace bayan an sallami shugaban Columbia, Clive Davis, a 1973, wanda shi ne ya ƙulla ta. Lokacin da faifai na biyu, "Radio City", ya fito a farkon 1974, rigimar kamfanonin biyu ta riga ta yi tsami, don haka shi ma bai isa kantuna yadda ya kamata ba. A ƙarshen 1975 Stax ɗin kansa ya durƙushe saboda bashi. Ka ga ke nan faifai biyu masu kyau sun nutse a cikin rigimar da mawaƙan ba su da hannu a cikinta.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai matsalar cikin gida. Chris Bell shi ne ya fi kowa zuba ƙarfinsa a faifai na farko, shi ya kwana a sutudiyo yana gyaran sauti, amma da masu sharhi suka tashi rubutu, sai suka fi karkata ga Chilton domin shi ne mai tsohon suna. Rashin ciniki ya haɗu da jin cewa an danne masa haƙƙi, ga kuma damuwar rai da ya daɗe yana fama da ita, sai ya fice daga ƙungiyar a ƙarshen 1972. Sauran ukun ma sun ɗan watse, har sai da aka gayyace su wasa a wani taron marubuta sharhin kiɗa da aka yi a Memfis a watan Mayun 1973, inda irin karɓuwar da suka samu ta sa suka koma sutudiyo. Bell yana da hannu a tsara wasu daga waƙoƙin faifai na biyu, amma sunansa bai fito a jikinsa ba. Wannan abu yana sosa mini rai duk lokacin da na tuna shi, domin mutumin da ya assasa tafiyar shi ne aka fara mantawa.

Bayan "Radio City", Hummel ya zaɓi ya koma ya ƙarasa karatunsa na jami'a, daga bisani ya zama injiniya a kamfanin ƙera jiragen sama na Lockheed Martin. Chilton da Stephens suka ɗauki faifai na uku a 1974 tare da mai shirya kiɗa Jim Dickinson, faifai mai nauyi da baƙin ciki, wanda babu kamfanin da ya yarda ya karɓa a lokacin. Sai a 1978 ya fito da sunan "Third", ƙungiyar ta riga ta watse da shekaru. A ranar 27 ga Disamba na wannan shekarar Bell ya rasu a haɗarin mota a Memfis yana da shekara 27.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu lura da shi tsakanin waɗannan samari da makaɗan da ka ambata. Makaɗin fada na ƙasar nan yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Jankiɗi yana da fadar Sarkin Musulmi. Ubangida ke ba da doki da riga da hatsi, don haka ƙungiya tana iya rayuwa ko ba a sayar da kaset ko ɗaya ba. Haka kuma shugaba ɗaya ne, kowa ya san matsayinsa, daga uban kiɗi zuwa 'yan amshi da masu ganga da sanƙira. Big Star ba ta da ubangida sai kasuwa, kuma tana da shugabanni biyu masu ganin kansu daidai. Da kasuwa ta ƙi, babu abin da ya rage da zai riƙe su tare.

Tambaya daga wata malamar makarantar sakandare a Mabera: Malam, na karanta cewa sun sake haɗuwa, amma mutum biyu ne kawai daga cikin na asali. Shin wannan haɗuwa ce ta gaskiya, ko kuwa cin kasuwa ne da tsohon suna?

Amsa: Malama, tambayarki ita ce ta fi wuyar amsawa a cikin huɗun, kuma kafin in faɗi ra'ayina ya kamata a ga abin da ya faru a shekarun da ƙungiyar ba ta nan. Faifan da suka ƙi sayuwa ba su mutu ba. Sun riƙa yawo hannu zuwa hannu tsakanin ɗaliban jami'a da matasan mawaƙa a Amurka da Birtaniya. Ƙungiyar R.E.M. ta sha bayyana tasirin Big Star a kanta, ƙungiyar mata ta Bangles ta sake rera ɗaya daga waƙoƙinsu a 1986, ƙungiyar Replacements kuma ta fitar da waƙa a 1987 da ta raɗa wa sunan Alex Chilton. A tsakanin nan shi Chilton ya koma birnin Niyu Olins, har ya yi wani lokaci yana wanke kwanuka a gidan abinci kafin ya koma kiɗa shi kaɗai. A 1992 kamfanin Rykodisc ya sake fitar da faifai na uku, ya kuma tattara waƙoƙin da marigayi Bell ya ɗauka shi kaɗai ya fitar da su a kundi guda.

Haɗuwar kuwa ba wani babban kamfani ne ya shirya ta ba. Ɗalibai ne masu aiki a gidan rediyon Jami'ar Mizuri suka nemi ƙungiyar ta zo ta yi wasa a bikin makarantarsu, kuma Chilton, wanda ya yi shekaru yana kauce wa maganar Big Star, ya amsa. An yi wasan a ranar 25 ga Afrilun 1993. Gurbin Bell da na Hummel an cike su da Jon Auer da Ken Stringfellow na ƙungiyar Posies, waɗanda suka taso suna sauraren waɗannan waƙoƙi har suka haddace su. Wannan sabon zubi ya yi shekara 17 yana wasa jefi-jefi a Amurka da Turai da Japan, wato ya ninka rayuwar zubi na farko sau da yawa, ya kuma fitar da sabon faifai mai suna "In Space" a 2005. Daga 1998 wani shirin talabijin na barkwanci a Amurka ya ɗauki ɗaya daga waƙoƙin faifai na farko ya mai da ita taken buɗe shiri, abin da ya kai aikin Bell da Chilton kunnen miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Ra'ayina shi ne haɗuwar ta gaskiya ce, amma ba ita ce ƙungiyar 1971 ba, kuma bai kamata a nemi ta zama ita ba. Muryar Bell da hannunsa a sutudiyo sun tafi tare da shi, shi ya sa faifan 2005 bai kai na farko ba a wurin mafi yawan masu sauraro, ni ma ina cikinsu. Abin da haɗuwar ta yi shi ne ta bai wa waƙoƙin damar da aka hana su tun farko, wato a rera su a gaban jama'ar da ta san su, ta kuma biya kuɗi domin ta ji su. Zargin cin kasuwa da tsohon suna yana da wuyar tsayuwa a kan mutanen da ba su taɓa cin komai da sunan ba lokacin da yake sabo. Mu nan ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. Idan uban kiɗi ya rasu, ɗa ko ƙane yakan gaji ganga, 'yan amshi su ci gaba, kuma ba mu cewa ƙarya ce, ko da yake kowa ya san muryar marigayin daban take.

Idan kina neman misalin haɗuwar da ta dawo da kowa, akwai ƙungiyar Raspberries ta birnin Kilibilan a jihar Ohayo, masu irin wannan salo, waɗanda suka watse a 1975, su huɗun da suka yi suna tare kuma suka sake hawa dandamali a garinsu a watan Nuwamban 2004. Big Star ba ta sami wannan rabo ba. Chilton ya rasu sakamakon bugun zuciya a ranar 17 ga Maris ɗin 2010, kwana uku kafin wani wasa da aka shirya musu a birnin Ostin na jihar Teksas. An mai da wasan na tunawa da shi, Hummel ya hau dandamali a ranar tare da Stephens, sannan shi ma ya rasu a watan Yulin wannan shekarar bayan jinyar ciwon daji. Stephens kaɗai ya rage a cikin huɗun.

Tambaya daga wani matashi a Arkilla: Malam, mu biyar ne muka kafa ƙungiyar waƙa, muka ɗauki waƙoƙi a wani sutudiyo, aka fara gayyatarmu bukukuwa. Sai rigima ta tashi kan rabon kuɗi da kuma sunan wanda ake sawa a jikin waƙa, muka watse. Yanzu tsoffin waƙoƙinmu sun fara yawo a wayoyin mutane, wasunmu na son mu dawo. Me za ka ba mu shawara?

Amsa: Ɗana, ku dawo in har zukatanku sun natsu, amma kada ku shiga sutudiyo kafin ku zauna ku warware abin da ya raba ku, domin yana nan inda kuka bar shi. Abubuwa biyun da ka ambata, kuɗi da suna, su ne suka fitar da Bell daga Big Star, kuma na biyun ya fi na farkon ciwo. Wanda aka rage wa kaso yakan haƙura idan an cika masa gobe, amma wanda ya tsara baiti ya ji ana kiran waƙar da sunan wani ba ya mantawa.

Ku samo dattijo ɗaya da dukkanku kuke jin nauyinsa ya zauna da ku, ku bi tsoffin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wanda ya tsara baitoci, da wanda ya sa karin murya, da wanda ya haɗa kiɗa, da wanda ya biya kuɗin sutudiyo. Daga nan ku yanke kason kowa, ku bambanta kuɗin wasan biki da kuɗin da waƙar da aka ɗauka za ta kawo daga intanet, domin na farko haƙƙin wanda ya halarci wasa ne, na biyu kuwa yana bin wanda ya yi aikin ko da ya bar ƙungiyar. Ku rubuta kuma wa ke da ikon amfani da sunan ƙungiyar idan wani ya sake fita. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Na san a al'adarmu neman takarda tsakanin abokai yana kama da rashin yarda, amma addininmu da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, kuma ba don ana zargin kowa ba ne.

Doka ma tana tare da ku. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa tun daga lokacin da aka ɗauke ta ko aka rubuta ta, ba sai an yi mata rajista ba, kuma ba ta amincewa da cewa mutum ya sallama haƙƙinsa ga wani sai in an yi hakan a rubuce. Kariyar baitoci da karin waƙa tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai su, wanda ke nufin maganar ta shafi magadanku. Duk da haka yana da kyau ku shigar da ayyukanku a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, domin ku sami shaidar da za ku nuna idan gardama ta taso.

Abu mafi gaggawa shi ne ku koma wurin mai sutudiyon da kuka yi aiki da shi ku tambayi ainihin fayilolin waƙoƙinku, waɗanda murya da kiɗa suke rarrabe a cikinsu, ba kwafin da ke yawo a waya ba. Waƙoƙin Big Star sun sake fitowa da tsabtarsu bayan shekara ashirin ne saboda an adana asalin ɗaukar. Kwamfutar sutudiyo takan lalace, akan kuma goge tsohon aiki domin a sami wurin sabo, don haka ku karɓi fayilolin a wannan makon, ku ajiye su a wuri biyu daban-daban a hannun mutum biyu daban-daban. Idan mai sutudiyon ya ce akwai sauran kuɗinsa a kanku, ku haɗa ku biya shi kafin ku fara maganar sabuwar waƙa, ku kuma karɓi rasit da ke nuna cewa fayilolin sun dawo hannunku.